WAI AGOGON SARKIN RASHA? HABA DILLALAI!



Yau ba maganar kuɗin hayar shago ko tsadar motar zuwa gida na zo da ita ba. Maganar agogo ce, agogon aljihu na ƙasar Rasha, irin mai murfi da sarƙa wanda sai an wana shi yake tafiya. Na san wasu za su ce yaron nan ya rasa abin yi. To a daure a karanta, domin kuɗin mutane ne ke salwanta a wannan harka, kuma sunan Bahaushe ɗan kasuwa ne ke ɓaci a garin da ba namu ba.

Ga abin da ke faruwa. Waɗannan agoguna suna shigowa jefi-jefi cikin kayan gwanjo, wasu kuma yara masu wayo ne ke yin odarsu ta intanet. Da zarar sun faɗa hannun dillali sai su sami sabon asali. Wannan wai na sarkin Rasha ne, daga fada aka fito da shi. Wancan wai na wani hafsan KGB ne. Na uku wai da shi aka yi yaƙin Hitila. Na huɗu kuwa, wanda ya fi ƙona mini rai, wai akwai jar zaiba a cikinsa wadda Turawa ke saye da miliyoyi. Sai a sami wani bawan Allah, ko Alhaji mai canji ko Bayerabe mai sha'awar kayan da, a lafta masa kuɗi ninkin-ba-ninkin. Ranar da ya gane, ba sunan dillalin zai kira ba. Cewa zai yi Hausawa sun cuce shi.

Ni ɗan ɗan kasuwa ne, a bakin shagon mahaifina na yi wayo, boko kuma a sakandare na tsaya. Amma na yi shekaru ina tara waɗannan agoguna, yanzu haka ina da guda tara, kuma babu wanda ban buɗe bayansa na karanta abin da ke rubuce ba. Na san ciniki, na san kuranta kaya. Sai dai kuranta kaya daban, ƙaga masa uban da bai haife shi ba daban.

Mu fara da sarkin. Sarkin Rasha na ƙarshe, Nikolas na Biyu, ya sauka daga mulki a 1917, aka kashe shi da iyalinsa a 1918. Tarayyar Sobiyet kuwa a ƙarshen 1922 aka kafa ta. Saboda haka duk agogon da ka ga haruffan CCCP a fuskarsa ko a injinsa, ko ka ga guduma da lauje, to an ƙera shi ne bayan sarkin ya daɗe da barin duniya, kuma gwamnatin waɗanda suka kashe shi ce ta ƙera. Mafi yawan waɗanda ake yawo da su a nan irin waɗannan ne. Kun ga ke nan ƙaryar ko ƙafa ba ta da ita.

Ba na musun cewa akwai agogunan zamanin sarauta na gaske. Akwai su, kuma sunaye biyu ne suka fi yawa a kansu: Pavel Bure, wanda da harafin boko ake rubutawa Paul Buhre, da kuma Moser. Gidan Bure ya faro ne a birnin San Fitasbag a 1815, a 1899 kuma ya sami lambar zama mai kai wa fada kaya. Irin wannan lamba ce ke bai wa shago damar buga mikiya mai kai biyu, tambarin daular, a jikin kayansa. To a nan dillalanmu ke fakewa. Da sun ga mikiya sai su ce ai ga shaida nan. Alhali mikiyar ba ta nufin sarki ya taɓa riƙe agogon, abin da take nufi kawai shi ne shagon yana cikin masu sayar wa fada kaya. Kamar maɗinkin da ke yi wa Sarki ɗinki ne ya rubuta haka a allon shagonsa, shin kowace riga da ta fito daga shagon ta zama rigar Sarki? Bure ya sayar da na zinariya ga masu hali, ya sayar da na azurfa da na baƙin ƙarfe ga akawuna da malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa, har da waɗanda rundunar soja ke bai wa sojan da ya fi iya harbi a matsayin kyauta. Dubbai ne jingim, ba ɗaya ba ne ba biyu ba.

Abu na biyu da dillali ba zai gaya maka ba, domin shi ma bai sani ba: injin waɗannan agoguna ba a Rasha aka yi shi ba. Tun 1874 gidan Bure ya sayi masana'anta a garin Le Locle na ƙasar Suwizalan, can ake ƙerawa a kawo Rasha a sayar. Shi kuwa Heinrich Moser ɗan Suwizalan ne gaba da baya, mutumin Schaffhausen, ya buɗe shagonsa a San Fitasbag a 1828, masana'antarsa ita ma a Le Locle take. Wato baƙo ne ya je cin kasuwa ya zauna, kamar yadda kakanninmu suka zauna a Agege da Sabon Badun. Daular Rasha duk girmanta ba ta da babbar masana'antar da ke ƙera injin agogon aljihu daga farko har ƙarshe. Ko a shigo da agogo a haɗe, ko a shigo da sassansa a haɗa a can. Idan har Allah ya haɗa ka da na wancan zamani, duba cikin murfi. Na azurfa za ka ga lamba 84, ma'aunin Rasha ne na da, yana nufin kashi 875 cikin 1000 azurfa ce, na zinariya kuma 56. Sunan a fuska Павелъ Буре ne, da wannan ƙaramin harafi a ƙarshen sunan farko, wanda aka daina rubutawa a ƙarshen kalma tun gyaran rubutun da aka yi a 1918. Abu ne mai kyau, mai daraja, ya cancanci kuɗinsa. Amma kayan Suwizalan ne da sunan shagon Rasha.

Masu hannu na Rasha na asali akwai su. Ivan Kulibin na garin Nizhny Novgorod ya ƙera agogo mai siffar ƙwai, yana kiɗa, 'yan mutum-mutumi suna motsi a ciki, ya miƙa wa Sarauniya Katarina ta Biyu a 1769. Yana gidan tarihi na Hermitage. Akwai kuma zuriyar Bronnikov a garin Vyatka da suka riƙa sassaƙa agogon aljihu da itace da ƙashi, har haƙoran injin, sai sifirin ne kawai na ƙarfe. Waɗannan a gidajen tarihi da manyan gidajen gwanjo na Turai ake ganinsu, ba a cikin jakar Gana-mas-go a ƙarƙashin gada ba.

To, mai karatu, ga inda nake so mu fahimci juna. Abin da ya fi ba ni haushi ba ƙaryar kawai ba ce. Gaskiyar da ake binnewa ta fi ƙaryar daɗin ji nesa ba kusa ba.

A 1927 wani kamfanin agogo mai suna Dueber-Hampden da ke garin Canton a jihar Ohio ta Amurka ya karye. Gwamnatin Sobiyet, ta hannun kamfaninta na ciniki a Amurka mai suna Amtorg, ta saye shi kacokan: injuna, kayan aiki, har agogunan da ba a gama haɗawa ba. A 1930 aka loda kayan a tarago 28 na jirgin ƙasa, aka bi da su teku zuwa Rasha, aka kuma ɗauki ma'aikatan kamfanin su 21 suka tafi Mosko domin koyar da 'yan ƙasa. A shekarar nan masana'antar agogo ta farko ta gwamnati ta fara aiki, kuma abin da ta fara fitarwa agogon aljihu ne, ƙato, mai nauyi, wanda masu tarawa ke kira samfuri na ɗaya. A 1935 aka sa mata sunan Kirov, wani jigon jam'iyya da aka harbe a ƙarshen 1934. Shi ya sa ake kiran agogunanta Kirovskie. Idan ka buɗe bayan ɗaya daga cikinsu, Ba'amurke ne kake kallo sanye da rigar Rasha.

Ba na so na yi wa tarihin nan kwalliya, domin ni ma kada na zama dillali. A shekarun da Stalin ke sayen injuna daga waje, hatsin manoma ake kwashewa a sayar a sami kuɗin waje, kuma yunwar 1932 zuwa 1933 ta kashe miliyoyin mutane a Yukren da Kazakistan da wasu sassan Rasha. Wanda ya riƙe Kirovskie na shekarun 1930 ya san da wannan, ba wai abin ado kawai ya riƙe ba.

Sai yaƙi ya zo. A 1941 da sojojin Jamus suka doshi Mosko, aka kwance masana'antar nan ƙusa-ƙusa, aka loda ta a jirgin ƙasa da ma'aikatanta zuwa garin Zlatoust a duwatsun Ural, tafiyar da ta fi nisan Legas zuwa Kano, cikin sanyin da ke daskarar da ruwa. Can suka ci gaba da aiki, suna yin agogunan tankoki da na jiragen yaƙi da kayan harsasai. Masana'anta ta biyu ta Mosko kuma aka kai ta Chistopol, ita ce daga baya ta zama Vostok. Da yaƙi ya lafa, maimakon masana'anta biyu sai ga su sun haihu. Tun 1936 ma sun ƙulla yarjejeniya da kamfanin Lip na Faransa, daga nan aka sami Zvezda a garin Penza, sannan Pobeda a 1946, ma'anar sunan kuwa nasara. Agogon da Yuri Gagarin ya ɗaura lokacin da ya zagaya duniya a sararin samaniya ranar 12 ga Afrilun 1961, wato Sturmanskie, daga waccan masana'antar da aka sayo a Ohio ya fito. A 1966 wani kamfani a Ingila mai suna Sekonda ya fara shigo da agogunan Sobiyet yana sayar wa Turawan Ingila. Ku lissafa da kanku: shekara 36 tsakanin sayen kamfanin da ya mutu da sayar wa Ingila agogo.

Akwai masu cewa, musamman 'yan bokon da ke ɗaura agogon Suwizalan na jabu, wai ai Rashawa kwaikwayo kawai suka yi, babu abin da suka ƙirƙira. Na yarda sun kwaikwaya. Sai me? Wane maƙeri ne aka haifa da guduma a hannu? Sun sayi ilmin, sun koya, sun riƙe, har suka shiga sahun manyan ƙasashen da ke ƙera agogo a duniya. Mu fa? Su waɗannan 'yan Sobiyet ɗin ne suka zo suka gina mana kamfanin ƙarfe na Ajakuta, wanda Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashinsa a 1980, kuma har yau babbar tukunyar narka ƙarfen ba ta taɓa aiki ba. Mutumin da ƙasarsa ke shigo da tsinken sakace ba shi da bakin yi wa mai kwaikwayon agogo dariya.

Yanzu mu zo kan wanda ya fi yawa a hannun jama'a, wato Molnija. Da harafinsu Молния ake rubutawa, ma'anarsa walƙiya. Masana'antarsa tana birnin Chelyabinsk, kuma a 1947 ta fara aiki. Ku riƙe wannan shekarar da kyau. Yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945. To ta yaya Molnija ya je yaƙi? Gaskiya ne akwai waɗanda aka zana soja ko tauraro ko "1941-1945" a murfinsu, amma waɗannan na tunawa ne, an yi su shekaru da yawa bayan yaƙin. Kamar kalandar da ke ɗauke da hoton Sardauna ce, ba ta zama kalandar da Sardauna ya rataya a ofishinsa ba.

Injin Molnija ya samo asali ne daga wani injin kamfanin Cortebert na Suwizalan. Na farkon suna da duwatsu 15, daga baya aka inganta shi ya zama mai lamba 3602 mai duwatsu 18, da ƙaninsa 3603 wanda aka sa wa kariya daga girgiza. Faɗinsa milimita 36 ne, shi ya sa lambar ta fara da 36. Yana bugawa sau biyar a daƙiƙa ɗaya, idan ka kanga shi a kunne cikin dare za ka ji shi rau, wani ɗaya kuma yana kai shi kwana ɗaya da rabi. Duwatsun nan da ake ƙirgawa, kada wani ya ruɗe ka, ba lu'ulu'u ba ne. Yakutu ne na haɗi da ake dafawa a masana'anta, aikinsu rage gogayya a inda ƙarfe ke juyawa, idan ka ciro su ko kuɗin kati ba za su ba ka ba. Na taɓa jin wani yana rantsuwa wai injin Rolex ne a cikin Molnija. Abin da ya tsinta shi ne Rolex ma ya taɓa amfani da wani injin Cortebert a da. Wato kakansu ɗaya ta wajen zane. Idan haka ke sa abu ya zama Rolex, to duk Bakano ma ɗan sarki ne.

Wannan agogo na leburori ne, na direbobin jirgin ƙasa, na malaman ƙauye, na tsofaffin da suka yi ritaya aka ba su kyauta da sunansu a zane a bayan murfi. An fitar da shi ƙasashe da dama. A Turkiyya an sayar da shi da sunan Serkisof, da hoton kan jirgin ƙasa a baya, har ya zama agogon da aka san ma'aikatan jirgin ƙasar can da shi. Masana'antar ta kuma ƙera agogunan da ake dasawa a gaban matuƙan jiragen yaƙi samfurin MiG. A 2007 ta dakatar da yin agogunan jama'a, daga baya ta dawo amma ta fi karkata ga na hannu. An yi Molnija da yawan gaske, shi ya sa na gama-gari a kasuwannin intanet da ƙyar yake kai dala ɗari. Duk wanda ya ce maka ka kawo miliyan, to ko bai sani ba ko ya raina ka.

Sanin shekarunsa ma ba wuya. Na farko-farkon, a jikin injin za ka ga lambobi kamar 2-56, wato zango na biyu na shekarar 1956. Idan ka ga ƙaramin tambari mai kusurwa biyar da CCCP a ciki, tambarin inganci ne na gwamnati, a 1967 aka ƙirƙiro shi, ke nan agogon bai girmi 1967 ba. Idan kuwa sunan Rasha aka rubuta a maimakon CCCP, to bayan rushewar Sobiyet a 1991 aka yi shi, wataƙila ma na girme shi ko mun yi sa'anni.

Masu yi wa agogon nan fyaɗe ba a nan kaɗai suke ba, a can ma akwai su, kuma su suka koya wa namu. Bayan 1991 da talauci ya kama mutanen can, sai aka fara buga sababbin fuskoki ana manna wa tsofaffin injuna don a sayar wa 'yan yawon buɗe ido. Fuska mai tambarin KGB ita ce kan gaba. Jama'a, don Allah a yi tunani. KGB hukumar leƙen asiri ce, an kafa ta a 1954 aka rushe ta a 1991. Wane ɗan leƙen asiri ne zai riƙa yawo da agogon da aka rubuta wa sunan ma'aikatarsa da jan fenti? Akwai ma waɗanda ake buga wa tambarin Hitila a sayar da su a matsayin kayan sojan Jamus, alhali da ka buɗe baya inji ne na Chelyabinsk. Ƙasar da ta rasa mutum wajen miliyan 27 a yaƙi da Hitila, a ɗauki abin da 'ya'yanta suka ƙera bayan yaƙin a manna masa tambarinsa. Idan wannan ba cin fuska ba ne ban san me ake kira cin fuska ba.

Sai kuma wata ɓarnar da ake kira aure. A ciro inji daga gidansa na aljihu, a jefar da gidan ko a narkar da shi idan azurfa ne, a sa injin a sabon gida mai maɗauri, a sayar a matsayin tsohon agogon hannu na musamman. Wasu har rarake injin suke yi su yi masa zane don a riƙa hango cikinsa. Masu kare wannan aiki suna cewa ai ceto ne, da a bar shi yana tsatsa a akwati gara a ɗaura shi a hannu. Idan gidan ya riga ya lalace ba ni da ja, da sharaɗin a faɗa wa mai saye. Amma lafiyayyun agoguna ake yankawa, domin auren ya fi kawo kuɗi. Sannan injin 3602 ba shi da kariyar girgiza, don aljihu aka yi shi inda zai kwanta lafiya. Ka ɗaura shi a hannu ka hau acaɓa daga Mile 12 zuwa Ketu, ka buga shi da ƙofa sau ɗaya, siririn ƙarfen da ke riƙe da abin lilon ya karye, shi ke nan. An raba shi da gidansa, an raba shi da rubutun da ke bayan murfi wanda shi ne kaɗai shaidar wanda ya mallake shi, kuma an kashe shi.

Maganar jar zaiba kuwa ban so ma na ɓata tawada a kanta ba, sai don na ga manya masu gemu suna fasa agoguna da guduma a kanta. Babu wani abu wai shi jar zaiba mai tsadar nan. Tatsuniya ce ta 'yan damfara da ta yi ƙarfi bayan rushewar Sobiyet, lokacin da aka riƙa yaɗa cewa ana sace sinadaran makamai daga can. A 2009 irin wannan jita-jita ta tashi a Saudiyya a kan tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka riƙa sayen keke da kuɗin mota, suna kanga wayar hannu a allura wai don gwaji. Mu ma nan mun sha ji a kan tsohon dutsen guga da rediyo da agogon bango. Agogon aljihu mai wani babu zaiba a cikinsa ko ɗigo, ja ko fara. Tagulla ce da ƙarfe da ɗan mai. Abin da ya kamata a ji tsoro shi ne wanda ba a faɗa: wasu tsofaffin agogunan soja da na jirgin sama na shekarun 1940 da 1950 an shafa wa lambobinsu fenti mai sinadarin radiyom don su yi haske da dare. Hasken ya daɗe da mutuwa amma gubar tana nan. Mai neman miliyoyi ya kankare wannan fenti ya shaƙi ƙurar, cuta ya saya da kuɗinsa.

Saura dattawanmu, Allah ya ƙara musu lafiya, masu cewa tara agogon da ba ka buƙata almubazzaranci ne tunda waya na nuna lokaci. Baba, da girmanka, amma iyayenmu mata sun cika ɗaki da kwalla da samira tun daga ƙasa har rufi, ba wanda ya ce su dafa abinci a duka. Akwai mai hula zanna talatin alhali kai ɗaya gare shi. Kowa da abin da ransa ke so, matuƙar bai hana shi ciyar da gida ba. Agogona tara gaba ɗaya ba su kai kuɗin wayar da yaran shago ke canzawa duk shekara ba, kuma wayar nan da shekara biyar ta zama shara, alhali Molnija na 1956 yana nan yana tafiya.

Wani abin da ya kamata dattawan su duba shi ne wannan. Tsofaffin masu gyaran agogo, waɗanda ke zama da ɗan teburi mai gilashi da madubi a ido ɗaya, suna ƙarewa. A da babu kasuwar Kurmi da za ka shiga ba ka same su ba, da yawansu kuma mutanenmu ne. Yaran yanzu canza batir da rage maɗauri kawai suka iya. Ka kai musu agogo mai wani sai su tsoma shi a fetur su ɗiga masa man keke, ya yi tafiyar mako biyu ya tsaya cak. Mu masu tara irin waɗannan agoguna mu ne 'yan kalilan ɗin da suka rage muna kai wa tsofaffin nan aikin da ya dace da hannunsu, muna biyansu, muna zama muna kallo. Idan akwai mai yaron da ya gama sakandare yana zaman banza, ga sana'a nan tana neman magaji.

Ga 'yan uwana dillalai, ban ce ku daina sayarwa ba, ban ce ku daina cin riba ba. Ku ce wannan Molnija ne, na Chelyabinsk, na wajen shekarun 1970, yana tafiya, gilashinsa ne aka canza. Wallahi akwai mai saye, kuma gobe zai dawo da abokinsa. Shi kuma mai saye ya sa a buɗe masa murfin baya kafin ya ƙirga kuɗi, ya duba ko sunan da ke fuska ya yi daidai da tambarin da ke inji, ya duba ko fuskar ta yi sabuwa fil alhali gidan ya sha jiki. Wanda kuma har yanzu ya dage cewa nasa na sarkin Rasha ne, ya zo da shi majalisa ranar Lahadi bayan la'asar. Ina da wuƙar buɗe murfi, ina da madubi, a gaban kowa za mu karanta.